Gangar Alhasan da Gwiwoyin Baba Almu

Kowace safiya, kafin motocin Tawa su fara lodi a tasha, za ka ga wani siririn dattijo yana tura ƙyauren shagonsa da kafaɗa, don ƙyauren ya daɗe da yin taurin kai. Sunansa Almoustapha. Amma a Konni in ka ce kana neman Almoustapha sai a tambaye ka wanne. Ka ce Baba Almu mai lasifika, ko mai tallar ruwa zai nuna maka shagon da haɓa.

Yakan share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya ɗora butar shayi a garwashi. Daga nan sai ya bi lasifikun da aka kawo gyara ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora tafin hannu a fuskar kowace, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta ta ji ko akwai zazzaɓi. Ba ya kunna komai da ƙarfi. Telan da ke bango ɗaya da shi ya rantse mini cewa shekara ashirin bai taɓa ɗaga murya don mai ɗinki ya ji shi ba.

Shekara talatin da takwas ke nan yana ɗaura kayan sauti a bukukuwa da masallatai da tarukan lakwal, wato makarantar boko, daga Konni zuwa Malbaza har Illela. Ƙarshen watan nan zai rufe shago. Likita ya ce gwiwoyinsa sun gama nasu aikin. Da na ji haka sai zuciyata ta yi nauyi, domin na san ba wanda zai kira taro saboda shi. A biki ana yaba amarya, a yaba mawaƙi, har mai girki ana yaba ta. Mutumin da ya zo tun hantsi ya ja wayoyi, ya koma gefe ya zauna a kan bokiti, ba a tuna shi sai ranar da abu ya lalace. Shi kuwa nasa ba ya lalacewa, shi ya sa ba a tuna shi.

Hajiya Wasila ta Malbaza ta ba ni labarin bikin ɗiyarta. Samari sun matsa masa ya ƙure sauti, shi kuwa ya ji akwai mai jego a gidan baya. Bai yi musu da kowa ba. Ya juya akwatunan, ya janye babban daga jikin katanga, filin rawa ya cika da kiɗa, jaririn bayan katanga ya sha barcinsa. A Bazaga kuma an ce limaminsu ya yi shekara uku yana huɗuba sahun baya na jin kowace kalma sau biyu, har ranar da Baba Almu ya hau tsani ya sauya wa lasifika guda wuri. Waɗannan ji na yi. Akwai wanda na gani da idona, shi ne dalilin wannan rubutu.

Wadda zan aura sunanta Zulaiha, 'yar wani ƙauye ce gabas da Tajaye. Kakanta, Alhasan, shi ne makaɗin gangar noma na yankinsu a zamaninsa. In an yi gayya shi ke bin bayan manoma da babbar ganga, yana kiran kowa da sunan kakanninsa har gona ta ƙare. Tsofaffi suna cewa in ya buga da safe ana ji a ƙauye na uku. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Fatar gangar ta bushe ta tsage a rataye. Abin da ya rage na kiɗansa a duniya kaset guda ne, wanda wani malamin lakwal ya ɗauka a wata gayya tun ba a haifi Zulaiha ba.

Bana ɗansa Mutari, kawun Zulaiha, ya dawo daga ci-rani da kyauta ga mahaifinsa. Ya sa an juye kaset ɗin a kan ƙaramin kati, ya kuma sayo kayan sauti sababbi fil: ƙananan lasifiku biyu, na hagu da na dama, masu ɗaukar murya da siririn kiɗa, da babban akwati guda wanda mu nan bakin iyaka muke kira wufa. Wufa ita ke fitar da kaurin sauti, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Aka haɗa su da batirin sola a magazar hatsi ta ƙauyen, wadda bazara ta bari fayau. Aka ɗauko tsoho a kujerarsa aka ajiye shi tsakiyar ɗaki, gari duk ya taru, aka kunna.

Muryarsa ta fito, ihun manoma ya fito. Gangar ce ba ta fito ba. Sai wani ƙwas-ƙwas kamar ana dukan kwano da cokali. Wani saurayi daga baya ya ce, "Wagga ita ta gangar da aka ce ana ji gari ukku?" Wasu suka yi dariya a hannun riga. Mutari ya ƙara sauti, kwanon rufi ya hau kakkarwa, amma inda tsoho yake zaune ba abin da ya ƙaru. Alhasan ya ce a kashe. Ya ce wannan ba gangarsa ba ce, in kuwa ita ce, to ashe ƙarya aka yi ta yi masa shekara hamsin. Ya ba da umarni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a kawo masa kaset da katin, zai jefa su wuta da hannunsa mai rai. Daga ranar ko fura sai an yi da gaske yake sha.

Ranar Laraba Zulaiha ta kira ni tana kuka. Ni na karanta littattafai da yawa, na ga yadda jarumai ke tashi in masoyiya ta yi kuka, amma ba littafin da ya koya mini gyaran sauti. Abin da na iya kawai shi ne na ruga shagon Baba Almu. Ya saurare ni har na ƙare, yana juya shayi tsakanin kofuna biyu.

"Tsohon ina anka aje shi?" ya tambaya.

Na ce tsakiyar ɗaki, wurin girma.

Ya ce, "Hmm. Ango, babur ɗinka na da mai?"

Ranar Alhamis da hantsi muka kama hanya, shi a bayana, ba ya ɗauke da komai sai 'yar jaka mai ɗauke da sukuddireba, da pil guda irin na tocila, da guntun gawayi, da wani ƙaramin kati nasa. Muka isa rana ta take. Zulaiha ce ta shawo kan kakanta ya yarda a sake kai shi magaza. Na ji ta da kunnena.

"Tsoho, tsoro kaka ji ko? Ka tsorata a gane dama can ba ka iya ba."

"Ke amaryar banza," ya ce mata, bakinsa a karkace amma harshen na nan da kaifinsa. "Ni da ubanki ya yi noma har ya suma don kiɗana? Ku ɗauke ni. Amma gobe wuta na nan."

Baba Almu ya gaida shi a tsugune, ya kira shi Sarkin Kiɗa. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, da furfurarsa da komai, ya ce, "Kai yaro, daga ina?" Baba Almu, mai shekara sittin da uku, ya ce daga Konni, ranka shi daɗe.

Bai taɓa katin tsoho ba. Ya sa wani sauti nasa mai gurnani kawai, kamar kukan babbar mota daga nesa, ya ce Mutari ya tsaya jikin bango. Mutari ya ce yana ji har cikin haƙoransa. Ya ce to ya tako a hankali zuwa tsakiya. Yana tafiya fuskarsa na canzawa. Da ya kai daidai inda aka ajiye mahaifinsa ranar taro sai ya tsaya, ya waiwaya.

"Wa ya rage?"

"Ba wanda ya rage," in ji Baba Almu. "Kaurin sauti tafiya shikai shi bugi bango shi komo. A tsakiyar ɗaki mai zuwa da mai komowa suka haɗuwa su kashe juna. Kun ba tsoho wurin girma, amma ga sauti nan rami na."

Sannan ya je wurin wufar. Mutari, don ƙaunar abin da ya sha wahala ya kawo, tun farko ya ɗora ta a kan tebur can kusurwar baya, nesa da 'yan uwanta biyu, ya lulluɓe ta da darduma saboda ɓera da awaki. Da wayarta ta kasa kaiwa, ya ƙara da wayar babur, sili biyu duk baƙaƙe. Baba Almu ya cire wayar daga amfili, na'urar da ke tura wa lasifikun sauti, ya ɗauko pil ɗin nan, ya taɓa wa ƙaramar lasifika. Fuskarta ta ɗan turo waje. Ya taɓa wa ta biyu, ita ma ta turo. Ya taɓa wa wufa. Ta shige ciki.

"Kun gani? Wayar wufa a juye take: waɗanga na turawa, wagga na ja. Awa mutum ukku na tura amalanke, babban cikinsu ya koma gaba shina turo ta baya. Ka ƙara musu tuwo, ƙarfi su ƙara, amalanke na nan inda take."

Mutari ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Ya fara cewa shi jahili ne, shi ya jawo wa mahaifinsa wulaƙanci. Baba Almu ya katse shi. Ya ce shi kansa a bikin farko da ya ɗaura, haka ya haɗa, kuma shi nasa wayoyin ja da baƙi ne ma, ba shi da uzuri. Ban sani ba ko gaskiya ne ko don ya sanyaya masa rai ya faɗa. Na dai ga kafaɗun Mutari sun sauko.

Sai aka zo wurin da ya kusa zama rigima. Baba Almu ya janye wurin zaman tsoho taku uku baya daga tsakiya, sannan ya ce a sauke shi a kan tabarma, a ɗora wufa a kan kujerarsa. Kujerar nan ta katako ce mai jingina, da buzu a kai, tun da ciwo ya kama Alhasan ko jikansa ba ya zama cikinta.

"Malam, wanga kam a'a," in ji Mutari. "Akwati bisa kujerar Baba, shi yana ƙasa? Mi mutane za su ce?"

"In ina son sanin inda akwati za shi zauna tsoho shi ji shi da kyau, sai in aje akwati inda tsoho ka zama, ni in bi ɗaki in nemi inda nika jin shi da kyau. Hanya guda ta, ko daga can ko daga nan."

Tsohon da kansa ya raba gardamar. "Bar shi, Mutari. Kujerar da ta ɗauki gurgu shekara sha ɗaya ba ta kasa ɗaukar akwati. In ga abin da yaron ga za shi yi."

Abin da ya yi shi ne ya tuɓe hularsa ya miƙa mini, ya durƙusa a kan siminti, ya hau rarrafe.

Baba Almu, na gan ka. Na ga yadda ka cije leɓe kafin gwiwarka ta hagu ta taɓa ƙasa. Kai da jikoki bakwai, kai da ake ba wa sahun gaba a masallacin unguwarku, ka bi gindin bangon magaza da hannu da gwiwa, kunnenka kusa da ƙasa, cikin ƙaiƙayin gero da kashin ɓera. Mata sun cika taga suna ƙyaƙyata dariya, wata ta ce ko allura ce ta ɓace wa baƙon. Ba ka ɗago ba. A kusurwa ka girgiza kai ka ce nan ya yi yawa, kumbura yake. Gaba kaɗan ka ce nan ya rame. Ka je ka dawo sau huɗu. Ni da nake riƙe da hularka sai da na juya fuska bango, don kada Zulaiha ta ga idona.

Can, tsakanin lasifikar hagu da tsakiyar bangon gaba, ya tsaya. Ya rufe ido ya daɗe. Ya ciro gawayi ya zana a ƙasa. Muka kama shi ya miƙe, gwiwoyin wandonsa sun yi fari fat.

Muka sauke wufa a kan zanen, ƙasa, ba tebur ba darduma, aka mai da kujera mazauninta. Na ɗauka an gama. Sai na ga ya sake haɗa wayar a juye, yadda Mutari ya yi tun farko. Mutari ya buɗe baki, Baba Almu ya ɗaga masa hannu. Ya durƙusa gefen kujerar, kansa daidai inda kan tsoho zai kasance, don ya ƙi zama cikinta ko na minti ɗaya. Ya ce mu dinga matsar da akwatin gaba da baya, taƙi ɗaya ɗaya.

"Gaba. Ƙara. Ya yi yawa, komo. Yatsa biyu."

Mafi munin sauti yake nema. Ya ce kunne ya fi saurin gane inda abu ya ɓace da inda ya cika. In ka sami wurin da suka fi kashe juna da waya a juye, to nan ne za su fi taimakon juna in ka daidaita ta. Muka yi ta turawa muna gumi har gurnanin ya kusa ɓacewa ɗungum. Ya ce mu tsaya, kada wanda ya numfasa kusa da shi. Ya kwance wayar, ya ƙulla ƙulli a sili guda don kada a sake ruɗewa, ya haɗa daidai. A ƙarshe ya yi abin da ya fi ba Mutari mamaki: ya rage ƙarfin wufar, ya ƙara ragewa. Ya ce in ka rufe ido ka iya nuna inda wufa take da yatsa, to ta yi surutu da yawa.

La'asar ta yi. Aka yi salla, aka mai da Alhasan kujerarsa. Ba a kira kowa ba, amma ƙofa da tagogi sun cika. Baba Almu ya sa katin, ya koma gefe ya zauna a kan wani buhu.

Ihun manoma ya fara fitowa. Sai muryar wani mutum mai ƙarfi, ɗan shekara hamsin, tana kiran sunaye. Sai gangar ta sauka.

Ban san yadda zan rubuta ta ba, ni da nake taƙama da kalmomi. Ba ƙara ba ce, kwanon rufi ko motsi bai yi ba. Daga tsakiyar bango ta fito, inda babu akwati ko ɗaya, kamar mutum na tsaye a wurin da ganga a kafaɗa. Na ji ta a tafin ƙafata, na ji ta a ƙarƙashin haƙarƙari. Wata tsohuwa a taga ta ji an kira sunan mijinta da ya rasu, ta rufe baki da mayafi. Saurayin da ya yi ba'a ranar taro yana bakin ƙofa, na ga ƙafarsa na bin kiɗan ba da saninsa ba.

Duk muka zuba wa Alhasan ido. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Minti biyar, minti shida. Zulaiha ta damƙe gefen zanenta. Can sai ya ɗaga hannunsa na hagu.

"Tsaya. Mai da baya kaɗan."

Baba Almu ya mayar. Tsohon ya karkata kai, yatsansa a sama, yana jira.

"Nan. Kun ji? Bugu guda ya ɓace."

Aka sake mayarwa. Gaskiya ne. A cikin jerin manyan bugun nan akwai gurbi guda, ɗan mitsitsi, wanda ranar taro ba mai iya jin sa, tunda manyan bugun duka ba su fito ba.

"Rabilu na," in ji tsohon, kafaɗarsa ta fara rawa. "Rabilu ɗan Tsahara. Ina yi mai kirari, ya zabura shi burge 'yan mata, kan kalme nai na noma ya fice ya bar shi da ƙota. Dariya ta kama ni, sanda ta zame." Dariyar ta sake kama shi nan a kujera, bayan shekara talatin, rabin fuska na dariya, hawaye na bin ɗaya rabin. "Gangata ta. Wa za shi yi wanga kuskure in ba ni ba?"

Zulaiha ta share ido ta ce, "To tsoho, gobe in hura wutar da wuri?"

"Hura ki dama mani kunu, marar kunya."

A hanyar dawowa na yi ta zuba, ina gaya wa Baba Almu cewa abin da ya yi ya fi ƙarfin gyaran waya, ya mai da wa mutum rayuwarsa. Ya bari na gama, sannan ya ce in kula da rami a gabana.

Almu na Konni, kunnen gari. Kai ne ka koya mini cewa abubuwa uku masu kyau suna iya haɗuwa su ba da mummuna, ba don ɗayansu ya lalace ba, sai don ba a tsaya an daidaita su ba. Kai ne ba ka taɓa kunyata wanda ya yi kuskure a gaban mutane ba. Mun gode. Amaren da suka yi rawa ba su san sunanka ba, na gode maka a madadinsu. Sahun baya na Bazaga sun gode. Zulaiha ta gode, ni kuwa godiyata ba ta da iyaka. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya bar maka kunnenka.

Ku kuma 'yan uwana samari masu kayan sauti, da ke tashi yanzu a kowace unguwa da akwatuna har rufi, shagon na buɗe har ƙarshen wata. Ku je ku sha shayi, ku yi tambaya, ba ya rowar sani. Ku sayi pil guda ku sa a aljihu. In sauti ya ƙi, kafin hannunku ya kai ga maɓallin ƙarawa, ku sauka ƙasa ku saurara. Ba masu lasifika kaɗai nake nufi ba.

Shekaranjiya Mutari ya kira ni. Ya ce an zagaye wufar da farin fenti a ƙasa, an kuma zana ƙafafun kujera huɗu, ba mai matsar da ko ɗaya. Kaset ɗin yana cikin aljihun tsoho, a naɗe cikin ƙyalle. Ashe ɓari ɗaya kawai aka juye a kan kati, ba wanda ya lura sai shi. Ya ba da saƙo, na kai wa Baba Almu kalma da kalma: "Ka ce ma yaron nan na Konni shi zo ran kasuwa shi juye ɗaya ɓarin. Wancan da yaj ji, ban yi zafi ba tukuna."

Baba Almu ya ajiye kofin shayi, ya tambaye ni ran kasuwar yaushe ne.